DAGA 470,000 ZUWA 6,000: YADDA GARKUNAN KARIBU KE NARKEWA A ƘASASHEN ƘANƘARA

 A wannan fitowa mun ɗan jingine maganar farashin kara da ta takardun kan iyaka, za mu kai ku can ƙuryar arewacin duniya, ƙasashen da ƙanƙara ke rufewa wata takwas ko fiye a shekara. Akwai wata dabbar daji a can mai suna karibu. Garke-garke take tafiya, ta hau arewa ta gangaro kudu kowace shekara, ta ƙetare iyakoki babu ruwanta da duwan. Shekara talatin da suka wuce da miliyoyi ake ƙirga ta. To yau wasu garkunan sun narke har hukuma ta hana a harbi ko guda. Duk wanda cinsa da shansa ke rataye a kan kofato ya kamata ya ji yadda aka yi garke mai dubu ɗari huɗu da saba'in ya koma dubu shida, alhali babu wata annoba guda da ta share shi dare ɗaya.

WACE DABBA CE KARIBU?

Ta yi kama da barewa, amma ta fi ta girma nesa, tsayinta ya kusa na jaki. Namiji ƙosasshe yakan kai kilo 150 ko ya wuce, mace kuwa wajen kilo 90 zuwa 100. Ƙahonta rassa-rassa ne kamar reshen itace, yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro, kuma har mace tana da shi. Kofatonta mai faɗi ne, da shi take taka dusar ƙanƙara ba ta nutse ba, da shi take iyo a kogi, da shi kuma take tono. Tonon nan shi ne rayuwarta a lokacin sanyi, domin abincinta yana ƙarƙashin dusar ƙanƙara: wata irin gansakuka ce fara-fara mai fitowa a kan ƙasa da duwatsu. Idan ɗumi ya shigo sai ta koma kan ɗanyar ciyawa da ganyen ƙananan itatuwa.

Mazauninta arewacin Kanada da Alaska, wato jihar Amurka da ke can sama. Ana samun irinta a Rasha da arewacin Turai, har ma wasu ƙabilu kamar Sami da Nenets sun mai da ita dabbar gida, suna kiwonta yadda ake kiwon shanu. Amma ta Kanada da Alaska ta daji ce, ba mai ita, farautarta ake yi. Ƙabilun asalin wurin, irin su Inuit, Dene, Innu da Gwich'in, tun kaka da kakanni namanta suke ci, fatarta suke sawa. Darajarta ta kai har tun 1937 hoton kanta ne a bayan sulen Kanada na santi 25.

Tafiyarta tana da tsari. A watan Afrilu da Mayu mata masu ciki su ke shiga gaba, su nufi arewa, zuwa wani fili marar itace inda uwayensu suka haife su. A watan Yuni suke haihuwa, yawancinsu cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Hikimar ita ce, wurin ya yi nisa da inda kyarketai ke yin ramukansu, ga sabuwar ciyawa na tsirowa daidai lokacin da ake buƙatar nono. A watan Oktoba ake barbara, daga nan su gangaro bakin kurmi su ci sanyi. Wasu garkunan, tsakanin zuwa da dawowa, sukan rufe tazarar da ta wuce kilomita 1,000, in kuwa aka lissafa duk yawon da dabba guda ta yi a shekara yakan kai kilomita dubbai. Garkuna da yawa da sunan wurin da suke haihuwa ake kiran su.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

Wani zai ce, yaya ake ƙirga dabbar daji? Ga yadda suke yi. Ma'aikatan daji sukan kama wasu ƴan kaɗan, su ɗaura musu abin wuya mai na'ura da ke magana da tauraron ɗan Adam, ta haka kullum ana sanin inda garke yake. Idan dabbobin suka taru wuri guda, lokacin haihuwa ko lokacin da ƙwari suka matsa musu, sai jirgin sama ya bi ta kansu yana ɗaukar hoto, a zo a zauna a ƙirga. Ga kaɗan daga abin da aka samu:

Garken Bathurst, a arewa maso yammacin Kanada: wajen 470,000 a 1986, 186,000 a 2003, 32,000 a 2009, 8,200 a 2018, kusan 6,200 a 2021. Wato a cikin kowace ɗari, ko biyu ba su rage ba.

Garken Kogin George, tsakanin Kebek da Labrado a gabashin Kanada: wajen 800,000 a farkon shekarun 1990, lokacin ana sa shi cikin mafi girma a duniya, 385,000 a 2001, 74,000 a 2010, 5,500 a 2018. Ƙidayoyin da suka biyo baya sun ɗan ɗaga, amma a 2022 bai kai 10,000 ba.

Garken yammacin Alaska: 490,000 a 2003; 152,000 a 2023. Kashi biyu cikin uku sun tafi a shekara ashirin.

Rahoton da hukumar binciken teku da yanayi ta Amurka ta fitar a 2018 ya haɗa manyan garkunan arewa gaba ɗaya, har da na Rasha, ya ce sun sauko daga miliyan 4.7 zuwa miliyan 2.1 cikin kusan shekara ashirin. Rahoton 2024 na wannan hukuma ya ce raguwar ta kai kashi 65 cikin ɗari.

AI DAMA SUNA HAWA SUNA SAUKA

Gaskiya ne, kuma tsofaffin wurin sun fi kowa sanin haka. Garken karibu yakan yi yawa har ya cinye makiyayarsa, ya faɗi, bayan shekaru arba'in ko sittin ya sake tasowa. Garken Kogin George da kansa ya tattake wurin kiwonsa na lokacin ɗumi sa'ad da ya kai ƙololuwa, kuma wannan na cikin abin da ya fara karya shi. A shekarun 1950 yunwa ta kashe mutane cikin Inuit mazauna yammacin tekun Hudson, lokacin da dabbobin suka yi ƙaranci, ba su biyo ta inda aka saba tare su ba. Garken yammacin Alaska ma a 1976 bai wuce 75,000 ba, ya zo ya ninka fiye da sau shida.

To me ya sa hankali ya tashi a wannan karo? Saboda ƙasar da garke zai farfaɗo a cikinta ta canza. Wani bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin nan na arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, sakamakon hayaƙin fetur, kwal da iskar gas da duniya ke ƙonawa. Mu da ke fama da rana za mu ce ɗumi a ƙasar sanyi ai alheri ne. Ga karibu ba haka abin yake ba, ga kuma dalilai.

NA ƊAYA: RUWAN SAMA A KAN ƘANƘARA

Dusar ƙanƙara mai laushi ce, kofato na tone ta. Amma idan ɗumi ya kutso tsakiyar lokacin sanyi aka yi ruwan sama, sannan sanyi ya dawo, sai ruwan ya daskare ya zama faranti mai tauri kamar siminti a kan abinci. Dabba tana jin ƙanshin gansakuka a ƙasa, ta yi ta duka har ƙafa ta yi jini, ba ta kai gare ta. Rumbu ga shi cike, an kulle ƙofa. An fi ganin girman wannan ɓarna a wurin makiyaya, domin su suna sane da adadin dabbobinsu. A yankin Yamal na arewacin Rasha, inda Nenets ke kiwon ta gida, ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙara a watan Nuwamba 2013, kafin sanyi ya wuce dabbobi wajen 61,000 sun mutu cikin kusan 275,000. Akwai gidajen da suka wayi gari babu ko ta jan kaya. Abin da ya sami ta gida shi ke samun ta daji, sai dai ita ba mai kai mata dusa.

NA BIYU: ƘWARI

Ƙasar nan ta ƙanƙara, in ɗumi ya zo, fadama take komawa, sauro ya tashi kamar hayaƙi. Bayan sauro akwai ƙudaje iri biyu da suka fi cutar da su. Ɗaya yana yin ƙwai a gashin ƙafa, tsutsar ta huda fata ta bi jiki har gadon baya ta zauna, ta fito ta bar fatar da huji-huji. Masu harkar ƙirgi sun san abin da wannan ke yi wa farashi. Ɗayan kuma a hanci yake zuba tsutsarsa, ta sauka maƙogwaro. Ranar da zafi ya yi yawa iska ta kwanta, garke ba ya kiwo: gudu yake yi, ko ya cunkushe a kan tudu ko kan ragowar ƙanƙara. Lokacin ɗumi kuwa gajere ne, ƴan makonni ne kawai dabba ke da su ta tara kitsen da za ta ci sanyi da shi. Kowace ranar gudu, kitse ne ya zube.

NA UKU: MAKIYAYA TA CANZA

Da ɗumi ya ƙaru, ƙananan itatuwa sun fara mamaye filayen da dā gansakuka ce a kansu, suna yi mata inuwa. A kurmin da suke cin sanyi kuma gobarar daji ta yawaita. Ita gansakukar nan ba ciyawar damina ba ce da za ta fito bayan ruwa biyu. Ƴan milimita take ƙaruwa a shekara, in wuta ta cinye ta sai an yi shekara arba'in ko hamsin kafin wurin ya sake ciyar da garke. Koguna da tafkuna ma sun fara jinkirin daskarewa, su kuma narke da wuri, alhali a kan ƙanƙararsu garke ke bi ya ƙetare.

NA HUƊU: HANYA TA TOSHE

Wannan kam ba sai an yi muku dogon bayani ba, kun san abin da ke faruwa in aka nome burtali. A tsakiyar ƙasar garken Bathurst an gano lu'ulu'u, aka buɗe mahaƙar Ekati a 1998, ta Diavik a 2003, da hanyoyin manyan motoci, ƙura da ƙara dare da rana. Masu bincike sun ga cewa dabbobin na raguwa a kewayen mahaƙun har tazarar kilomita 14. A Alaska kuma akwai hanyar da ta haɗa mahaƙar Red Dog da bakin teku, ta gitta hanyar garken yamma. Na'urorin wuya sun nuna cewa yawancin dabbobin na ƙetarewa ba wahala, amma wasu in sun iso bakin hanyar sai su yi ta kai da kawo, har fiye da wata guda kafin su tsallaka. Masu mahaƙa na cewa ba su kaɗai ba ne sanadi, tun da garkunan da ba su kusa da mahaƙa ma sun ragu. Ƴan ƙasa kuma na cewa raƙumin da ya riga ya gaji, ƙaramin kaya ma na durƙusar da shi.

NA BIYAR: CUTA DA FARAUTA

A tsibirin Southampton na Kanada cutar ɓarin ciki, irin wadda makiyayanmu ke kira bakkale, ta shiga garke, ya sauko daga wajen 30,000 a 1997 zuwa ƙasa da 8,000 a 2011. A Yamal kuma, a zafin 2016, ciwon saifa ya ɓarke ya kashe dabbobin gida fiye da 2,300 da yaro ɗan shekara 12. An yi shekaru da dama ba a ga cutar ba, shi ya sa aka daina allurar rigakafinta a 2007. Masana da yawa na ganin zafin ne ya narkar da daskararriyar ƙasa, ƙwayar cutar da ke kwance tun tuni ta taso.

Sai farauta. Mafaraucin dā da ƙafa ko da karnuka yake bin sawu. Na yanzu yana da babur mai gudu a kan ƙanƙara, da bindiga mai cin nesa, da hanyar mota har bakin garke. Dabba dubu biyar daga garke mai dubu ɗari huɗu ba a ma jin ta. Dubu biyar ɗin nan daga garke mai dubu talatin kuwa, yanka ne a wuya.

DAGA UWA GARKE KE MUTUWA

A nan ne duk dalilan nan ke haɗuwa, kuma nan ne muke so ƴan uwa su tsaya su duba. Macen karibu sai ta kai wajen shekara uku take fara haihuwa, ɗa guda kuma take haifa a shekara. Idan ƙwari suka hana ta kiwo ta shiga Oktoba a rame, ba ta ɗaukar ciki. In ta ɗauka ƙanƙara ta kulle mata abinci, ɗan zai fito ƙarami, nono kaɗan, kyarkeci ko gaggafa su ɗauke shi tun bai yi wata ba. Masana na lissafin cewa sai wajen mata 85 cikin 100 sun rayu sun ga shekara ta gaba kafin garke ya tsaya yadda yake. In aka sauko ƙasa da haka ƴan shekaru a jere, babu sabbin ƙarsana masu maye gurbi, to garke ya kama hanyar gangara ko da ido bai gani ba.

Kuma ido ba ya gani da wuri, nan ne tarkon yake. Karibu dabbar taro ce: ko sun ragu, ragowar wuri guda suke haɗuwa. Mafarauci ya fita ya tarar da dubbai a gabansa, ya cika sulke da kaya ya dawo, ya ce wa ma'aikacin gwamnati ƙidayarka ƙarya ce. Haka aka yi ta gardama a kan garken Bathurst. Tsakanin 2006 da 2009 ya faɗo daga fiye da 100,000 zuwa 32,000, a daidai shekarun da ake harbe dubbai kowane lokacin sanyi, yawancinsu mata, mata kuwa a lokacin sanyi ciki gare su. Harsashi guda, rai biyu. Sai a 2010 aka sa takunkumi mai ƙarfi, a 2015 aka hana farautar garken a yankin Arewa maso Yamma na Kanada. Duk da haka ya ci gaba da raguwa, har an ga wasu matan sun bar wurin haihuwarsu sun bi garken Beverly da ke maƙwabtaka da su.

ABIN DA YA SAMI KASUWA

A garuruwan can arewa, kayan kanti da jirgin sama ko na ruwa ake kai su, tsadarsu ba a magana. Naman karibu shi ne abincin talaka. Da aka hana farautar garken Kogin George a Labrado a 2013, gidaje da yawa sun rasa naman da suka tashi da shi, yara kuma suka taso ba su koyi fiɗa da jima a hannun iyayensu ba. A Kebek akwai kamfanonin da ke karɓar baƙi masu farautar nishaɗi daga Amurka da Turai. Gwamnati ta rufe wannan harka a watan Fabrairu 2018, masu masauki da masu ja-gora suka rasa sana'a.

Ga kuma wani darasi na fatauci. A tsibirin Baffin ƙidayar 2014 ta sami dabbobi wajen 5,000 kacal, inda a shekarun 1990 ake maganar fiye da 100,000. Aka dakatar da farauta a farkon 2015, daga baya aka ba da ƙaramin kaso na maza zalla. To mutanen Baffin ba su daina son nama ba. Sai ciniki ya buɗe ta Facebook: mafarauta a yankin Kivalliq, can ƙetaren ruwa, su harba, su sa hoto, a biya, a auna a sa a jirgi. Kun ga an rufe ƙofa a nan, nauyin ya koma kan garkunan maƙwabta, har shugabannin mafarautan can suka fara kuka. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan: in kaya ya yanke a kara guda, kuɗi kan bi sawunsa zuwa kara ta gaba.

GARKEN DA KE ƘETARE IYAKA

Ba duka labarin ne baƙi ba. Garken Kogin Porcupine, wato Kogin Beguwa, yana yawo tsakanin Alaska da yankin Yukon na Kanada. A 1987 ƙasashen biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar kula da shi tare. A ɓangaren Kanada akwai majalisar da ta haɗa ƙabilu da gwamnati, suna zama su duba ƙidaya, kuma sun amince tun da wuri a kan matakin da za a ɗauka in adadi ya sauko: daga kaza a koma harbin maza kawai, daga kaza a tsaya cak. Garken ya sauko zuwa 123,000 a 2001, ya hau zuwa 218,000 a ƙidayar 2017. Sai dai wurin haihuwarsa a gaɓar tekun Alaska ana kyautata zaton akwai man fetur a ƙarƙashinsa. A 2017 majalisar Amurka ta yi dokar buɗe wurin ga masu haƙo mai, aka yi gwanjon farko a Janairu 2021, ƙabilar Gwich'in kuma ta daɗe tana adawa da haka, tana cewa a taɓa ko'ina ban da ɗakin haihuwa.

A yammacin Alaska ma, inda dā doka ta yarda mutum ya harbi biyar a rana, a 2024 an mai da shi goma sha biyar a shekara a yawancin yankin, kuma mace guda tak a ciki. Mafarautan ƙauyuka na cikin waɗanda suka kawo shawarar da kansu.

ABIN DUBAWA

Ƴan uwa, karibu ba saniya ba ce, ƙanƙara kuma ba fari ba ce. Amma ɗumamar da ke narkar da ƙasarsu ita ce dai ke rikita mana damina, kuma lissafin garke ɗaya ne ko'ina. Cikar kara ranar kasuwa ba ta nuna abin da ya rage a daji. A shekarar wahala ma kara ta fi cika. Mai son sanin gobe ya dubi yawan shanu masu ciki da ake kai wa mahauta, ya dubi maruƙa nawa ke bin garke, ya tambayi makiyayi ko burtalin bara na nan. Mutanen Bathurst sun ɗauki mataki garke na dubu talatin, ya zo bai tsaya ba. Na Porcupine sun yi shirinsu tun garke na da ƙarfi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani a kan wannan batu ya miƙa wa sakataren reshensa, za mu duba. Sai fitowa ta gaba.